Kofin Shayi a Kan Dogo

Hannuna ya fara yi mini gardama.
Shekara ashirin kyamara na bisa kafaɗata,
taron suna, saukar karatu, bikin buɗe shago,
ban san tana da nauyi ba sai bana,
da na kalli abin da na ɗauko a Gubi
na ga ruwan dam na zabura kamar an tsikare shi.
Ruwa kuwa kwance yake. Ni ne ke rawa.

Na gangara Wunti, shagon Gidado,
na ce ina son ɗan dogon nan da kyamara ke hawa
ta sulale a hankali, ba ruwanta da jijiyata.
Ya jera mini su a kanta kamar mai tallan rake.

"Wannan kamu uku ne, ba nauyi, jaka ma ta ɗauke shi.
Wannan mai inji ne, kana hira yana tafiya,
ka dai cika masa batir."
Na ce a layinmu wuta baƙuwa ce,
ba ta kwana, ba ta sallama.
"To ga mai taya huɗu, ƙasa yake bi."
Na ce wace ƙasar?
Wadda tsakuwa ta yi wa zanen fuska?

Gidado ya yi dariya, ya ce zaɓe na ya fi na surukai.
Na leƙa waje na kira Barau mai shayi,
na ce cika kofi har baki, kar ka sa madara.
Na ɗora shi inda kyamara za ta zauna,
na tura da ɗan yatsa guda.

Na farko ya yi tari a tsakiyar hanya,
shayi ya zuba wa Gidado a rasit.
Mai inji ya tafi daidai, ban ƙi ba,
amma yana kukan sauro, fuskar shayin na yamutsewa,
kuma na san makirufo ba ya rufa wa kowa asiri.

Can ƙarƙashin kanta na hango wani,
kwance, fenti ya kode, na hannu ne,
an karce sunan wani a gefe da ƙusa.
Na ɗaga, nauyi kamar taɓaryar gidanmu.
Gidado ya ce boris ɗinsa tsoho ne, amma bai san ƙarya ba.
Na tura.
Shayin ya je ƙarshe bai san ya yi tafiya ba.

Na taya, ya ce albarka. Na ƙara, ya ce albarka.
Muka shirya a kan biya biyu, rabi bayan Sallah.
Barau ya karɓi kofinsa, ya ce na ukun ma kuɗi ne.

Asubahin Laraba na kafa shi gaban tandar Inna Dudu,
jikarta ce ta ce in ɗauke ta kafin ta ajiye sana'a.
Ta dubi ƙarfen, ta ce, "Jirgi ka kawo mini?
Na tasha ma ya daɗe bai gaishe mu ba."
Hannunta na rawa fiye da nawa,
har ya kama ludayi, sai ya tsaya cak.

Na tura daga gurbin farko,
ƙullu na zuba, mai na tsartuwa,
masa na juyawa ɗaya bayan ɗaya,
kyamara na bi kamar mai tsoron tada barci.
Na shagala da kallon yatsunta
har dogo ya ƙare, ƙarfe ya ce ƙwas,
hoton ya yi 'yar girgiza a fuskarta.

Da na zo tacewa na kai almakashi wurin,
sai na fasa.
Nan ne ta ɗago ta yi murmushi.